Ranar da Takardar Ɗana Ta Mutu

Lahadi, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An haifa mini jika. Mace ce. Na rubuta a layi ɗaya sai na ga kamar ƙaramin abu ne, to bari in sake: an haifa mini jika.

Shekara tara muna jira. Ɗana na fari, wanda a wurin aiki suke kira Injiniya, ya fito daga wurin nas yana dariya da hawaye tare. Da aka miƙo mini ita cikin tawul, ni da na yi shekara ashirin ina dakon buhu kafin in samu gadi, sai na rasa yadda zan riƙe abin da bai wuce kilo uku ba. Tsohuwa, matata, ta ce, "Malam, riƙe ta da kyau, ba biro ba ce." Tun da na karɓi takardar makarantar yamma take kira na Malam. Da zolaya ta fara, har ya zauna.

Mutuniyar ta buɗe ido ɗaya, ta dube ni, ta rufe. Na ce ta ga abin da ya ishe ta.

Malamarmu ta ce wanda yake so rubutu ya zauna a hannunsa ya riƙa rubuta ranarsa. Tun bara na sayi littafin nan, ban sami ranar da ta cancanta ba sai yau.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je aiki da alawa cike da aljihu, duk wanda ya shigo in ba shi.

Shekara goma sha bakwai ina tsaron ƙofar kamfanin nan. Aikinsu kula da kwamfutocin bankuna da asibitoci, kuma nan ɗana yake aiki. A da da fuska nake buɗe ƙofa. Tun da na iya karatu, Sajan, shugabanmu na masu gadi, ya ce duk takardar da ta sauko daga sama ni zan riƙe. Na ji daɗin wannan ba kaɗan ba.

Da safe ya ba ni wata. Ya ce, "Tsoho, waɗannan daga yau ba sa shiga. Takardar shaidarsu ta mutu."

Na ce, "Takardar ilimi tana mutuwa?"

Ya ce ta masu aikin kwamfuta shekara uku take yi, sai a sake jarrabawa. An daɗe ana kau da kai, amma wani abu ya faru a ɗaya daga cikin asibitocin watan jiya, masu ba da kwangila suka ce a duba ta kowa.

Na sa a aljihu tare da alawa, ban duba ba. Sai da motar ma'aikata ta sauke mutane, wajen su arba'in a tsaye, sannan na zaro. Ni ban iya karatun zuci ba. Yadda aka koya mana shi ne yatsa a kan layi, murya a sama, don na bayan aji ya ji. Haka na yi. Ɗaya bayan ɗaya, da sunan uba.

Sunaye goma sha ɗaya ne. Na bakwai na gane shi tun daga harafin farko, amma bakina ya riga ya tafi. Sunan uban da ke bayansa, sunana ne.

Ɗana ya zo ne kawai ya cike takardar hutu. Yana riƙe da kwalin alawa shi ma. Ya matso ya ce a hankali, "Baba, a kunne ake faɗar irin wannan." Ya ajiye kwalin a kan bencina ya juya.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An sallamo mai jego. Na je gidansu na riƙe mutuniyar minti ashirin, na duba agogo. Tana da kunnuwana, Allah ya ba ta haƙuri.

Surukata ce ta yi mini bayani, shi yana ɗaki da littafi. Sau biyu ya ajiye ranar jarrabawa, sau biyu tana kwance ana ƙara mata ruwa. Kamfani ya ba su zuwa ƙarshen wata. Wanda bai sabunta ba, aiki ya ƙare. An ba shi ranar ashirin da huɗu. Awa uku ce a gaban kwamfuta, ana haɗa abu ana kwancewa da hannu, agogo yana tafiya.

Na leƙa na ce, "Ai za ka ci. Kai da ka koya wa rabinsu aikin."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Baba, gara lokacin da ba ka iya karatu ba."

Na dawo a ƙafa. Ban ga motar haya ba, ko kuma ban duba ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Goma daga cikinsu sun zo sun zauna a bakin ƙofa. Ɗana bai zo ba. Dogo ne bakinsu, wanda ya ja wayoyin ginin nan tun ba a yi masa rufi ba.

Yana cewa, "Shekara ashirin da biyu. Ko a duhu na san wace waya ke zuwa ina. Daren jiya ina da ilimi, yau da safe ya zube? A ina ya zube, in je in kwasa?"

Direban ofis yana goge mota, ya ce, "Ni ma lasisina mutuwa yake yi, ban taɓa zama a ƙofar kowa ba."

Dogo ya ce, "Kai hoto suke sake maka. A ce ka sake shiga tsakanin durom duk shekara uku, mu ga in ba za ka take mai gwajin ba."

An yi dariya. Sai wani sabon ma'aikaci ya zo wucewa, katinsa a wuya, ya ce, "Kawu, na'urar da ka sani an daina yin ta ina firamare."

Ban ga lokacin da Dogo ya tashi ba. Filaya ce a hannunsa. Leɓen mutumin ya rabu biyu, jini ya wanke katin. Ni na shiga tsakani, na ɗaga Dogo sama kamar buhu na ajiye shi gefe. Ashe ƙarfin yana nan. Ban ji daɗin yadda na ji daɗinsa ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe uku na rana

Yau da 'yan uwansu suka zo. An ƙona taya. An fasa gilashin ɗakin gadi, an fasa kyamarar da ke kan ƙofa.

Sun samo mini waƙa. Ɗaya ya ɗora yatsa a tafin hannunsa yana ja, yana in-ina da ƙarfi, sauran suna amsawa, "Karanta mana, Malam." Akwai wanda na yi wa rakiya asibiti da ƙafarsa ta karye. Shi ya fi kowa murya.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mutuniyar ta kama yatsana ta ƙi saki. Duk abin da ke waje ya tsaya a waje.

Uban bai fito ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An yi mini ɗinki huɗu a goshi. Dutse ne.

Ƙofar kamfani tana da nauyi. Ƙarfe ne zalla, a kan taya take gudu, in ta taso ba ta tsayawa. Na sha faɗa musu.

Injiniya yana asibiti. Wanda aka haifi mutuniyar a ciki, hawa na ƙasa.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Yatsu uku da tafin hannu. Na dama.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Ƙofar tana da nauyi.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Sajan ya ce in huta, na ce a'a. Na je da bokiti da buroshi tun kafin motar ma'aikata. A wurin da ƙofa take haɗuwa da ginshiƙi abin ya bushe ya yi baƙi. Sai da na sa wuƙa.

Kamfani ya ɗauko masu gadin haya, su takwas, da kulake da kare biyu. Dogo ya zo shi kaɗai da takardunsa a leda, wai zai nuna wa na sama. Sun kayar da shi a kan kwalta. Na ji ƙarar kulki a kan haƙarƙari, irin ƙarar da ake ji in ana kakkaɓe katifa. Ya tofar da haƙori biyu, ya tsince su, ya sa a ledar tare da takardun. Ina tsaye da bokitina.

A gida Tsohuwa ta ajiye mini abinci ta ce, "Ga shi nan." Ba Malam, ba komai. Ta je asibiti ta dawo. Na tambaye ta me ya ce. Ta ce, "Ya ce ƙofa ce ta kama shi. Shekara arba'in ina zaune da kai, ban taɓa ganin ƙofar da ta ƙwace maka ba."

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je ganin mutuniyar. Surukata ta tare ni a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe ni sosai, ta tambayi goshina. Ta ce, "Baba, barci take yi."

Ina jin kukanta daga ciki.

Na ce to, Allah ya raya. Na ba ta sabulun da na saya.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Sajan ya kawo rahoto, shafi ɗaya, an buga da inji. Ya ce, "Sa hannu a nan, Tsoho. Ba sai ka karanta ba, kar ka tara mana jama'a."

Na tafi bayan ɗakin janareta inda ba mai ji, na karanta. An rubuta cewa masu zanga-zanga sun turo ƙofa da ƙarfi za su shiga, ta dawo ta kama ɗaya daga cikinsu. An rubuta cewa mai gadi ya yi aikinsa.

Na ce zan sa hannu Litinin, birona ya ƙare. Ya miƙo mini nasa. Na ce da nawa na saba.

Ya ce, "Kai nake rufa wa asiri. Kyamara ta mutu, ba wanda ya ga komai sai kai."

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ban fita ba. Na sauko da takardata ta makarantar yamma daga bango. Ba a rubuta ranar mutuwa a jikinta ba, na duba gaba da baya. Sai na ɗauko tsohon littafin lissafinmu, na ce bari in gwada kaina da rabawa, irin mai dogon gida. Shekara huɗu da suka wuce ni na zo na biyu a aji. Na zauna har shayi ya huce, ban san inda ake sauko da lamba ba.

Ke nan takardar tana faɗin abin da ba ya nan. Karatu yana nan don kullum ina yi. Lissafi ya tafi bai yi sallama ba.

To amma Dogo kullum yana yi. Ɗana kullum yana yi. Wuƙar da ake yanka da ita kowace safiya, wa zai ce ta yi tsatsa don kalanda ta juya?

Na jefi bango da littafin. Hannuna yana riga kaina tun ina saurayi. Yaran nan sun sani, na farin ya fi sani.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An yanke wayoyi a bayan gini. An fasa kan ɗaya daga cikin masu gadin haya da bulo. Ɗaya daga cikin karnukan ya ciji wata mata mai sayar da ruwa da ba ruwanta.

Manajar sashensu ta tsayar da motarta a ƙofa, ta sauke gilashi ta ce, "Baba, yaya mai jiki?" Ban taɓa hawa sama ba sai da saƙo, amma na ce ina son magana. Ta ce in biyo ta.

Na tambaye ta don me takardar mutum za ta mutu yana raye yana aiki.

Ta ce, "Baba, aikinmu ba kamar ƙofarka ba ne. Kullen da muka sa shekara biyar da suka wuce, yau ɓarawo yana buɗe shi daga ɗakinsa yana shan shayi. A asibitin nan kwana uku likita bai san maganin da aka ba mara lafiya jiya ba. Mutum yana iya yin aiki kullum, kullum ɗin kuma ta tsohuwar hanya."

Na ce, "Wanda ya yi kuskuren yana cikin goma sha ɗayan?"

Ta ce ba a ba ta izinin faɗa ba. Ta gyara takardun gabanta, waɗanda a gyare suke.

Na ce, "To a gwada hannun mutum a kan aikin da yake yi, ran da abu ya canja. Ba ran da matarsa take kwance ba."

Ta ce, "Da ni nake tsarawa, da wataƙila haka zan yi. Kwanan wata ba ya son kai, shi ya sa suke son sa."

Sannan ta rufe ƙofar ofis ta faɗa mini abin da Sajan bai faɗa ba. Duk wanda rahoto ya sa cikin masu tura ƙofa korarre ne, ko ya ci jarrabawa ko bai ci ba. Shaidar da ke kan ɗana ita ce hannunsa. Amma in raunin ba laifinsa ba ne, masu jarrabawa suna ɗaga rana in an kai takardar likita, kamfani kuma dole ya jira shi.

Ta ce, "Sai dai laifin ba zai zauna a iska ba, Baba. In ya sauka daga kansa, a kan wani zai sauka."

Na ce na gane.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Sauran kwana shida. Tsohuwa ta ce Injiniya yana gwadawa da hagu, harafi ɗaya ɗaya, jiya ya yi jifa da kofi.

Ƙofar tana da nauyi. Gaskiya ne, tana da nauyi.

Talata, ƙarfe uku na rana

Sajan ya biyo ni bayan gida da takardarsa. Ya ce, "A shekarunka wa zai ɗauke ka? Ɗanka yaro ne, zai samu wani." Na shaƙe wuyan rigarsa na manna shi da bango har ƙafarsa ta bar ƙasa. Idonsa ya fito. Na ƙirga uku na sake shi.

Yana tari ya ce, "Haka ka yi ranar?"

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na yage shafi huɗu kafin wannan. Ina kwafe shi a nan yadda zan kai sama, don in kasance ina da nawa.

Ni ne mai gadin babbar ƙofa. Ranar Litinin goma ga wata, wajen ƙarfe tara, ana jifa. Dutse ya same ni a goshi. Ƙofa a buɗe take kamar taki ɗaya. Ba wanda ya tura ta. Ma'aikacinku na bakwai a jerin sunaye ba ya cikin masu jifa, daga gida ya zo da silifa. Ya ratso su, ya zuro hannu ya kama hannun rigata, ya ce, "Baba, fito daga nan, za su kashe ka." Jini yana idona ɗaya, amma ɗayan yana gani. Na ga agogonsa. Na san hannun. Suna ta waƙar karanta mana, ni kuma akwai wata magana da ya faɗa mini a gida da ba ta bar kunnena ba. Na sa kafaɗa na tura ƙofar da duk ƙarfina. Bai yi ihu ba. Ni na rubuta wannan da hannuna, ba wanda ya sa ni.

Na duba sau uku. Ba kuskuren harafi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Manaja ta karanta a zuci. Ta daɗe. Ta ce, "Baba, ka san abin da zai biyo baya?" Na ce a ba ɗana kwafi.

Ƙarfe goma sha biyu Sajan ya karɓi riga da hula da makullai. Bai dube ni ba, ni ma ban nema ba. Direba ya rage mini hanya, har muka iso bai kunna rediyo ba.

Tsohuwa ta gan ni da rana tsaka da rigar gida. Ta ce, "Ka faɗa musu?" Na ce na rubuta. Ta shiga ta ɗora ruwa.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe tara na safe

Shiru.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Sun zo da la'asar, su uku. Hannun yana rataye a wuya cikin farin filasta har gwiwa. Ya gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabci. Ya ce an ɗaga masa zuwa ƙarshen watan gobe, za a ƙara masa awa ɗaya. Likita ya ce yatsu biyu za su dawo, na ukun sai an gani. Dogo an kore shi da wasu shida.

Bai ambaci takardar ba. Na ga gefenta a aljihun rigarsa.

Surukata ta ɗora masa mutuniyar a hannun hagu ta shiga wurin Tsohuwa. Muka zauna a tsakar gida, benci ɗaya, wurin mutum biyu a tsakaninmu. Ina kallon ƙafarta kawai, don ita ce ta ɓangarena. Ta yi ƙiba. Kwana goma sha biyar rabona da ita, na rasa har da wannan.

Sai wayarsa ta hau ƙara a aljihu. Ta yanke, ta sake. Ta yanke, ta sake. Ya karkata ya leƙa ya ce, "Ofis ne." Ya dubi filasta, ya dubi yarinya, ya dubi ƙofar ɗakin da matan suke.

Ya ce, "Baba, karɓe ta."

Na'urar wani banki ce ta tsaya, masu sababbin takardu su huɗu sun kewaye ta tun rana. Ya miƙe yana zagaya tsakar gida da waya a kunnen hagu yana cewa, "A'a, ba wannan ba. Ka bi ta da hannu har bayan akwatin. Me ka gani? Karanta mini."

Tana kwance a ƙirjina, numfashinta yana taɓa wuyana. Ban motsa ba, ko tari na haɗiye. Allah ya yafe mini, mutanen bankin ma su yafe mini, amma addu'a ɗaya na yi ta yi: kada na'urar nan ta gyaru da wuri.